Tukunyar da Ta Kwana Ba a Wanke Ba

Hadiza da Nasiru, kun buɗe ido kun tarar kakarku Inna ba ta cin girkina. Gida ɗaya muke a Sabon Garin Wudil, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, amma murhu biyu, kowa da hayaƙinta. Na kuma san abin da matan unguwa suka zuba muku a kunne: wai Inna mace ce mai busasshiyar zuciya, ɗanta ya mutu ko ɗigon hawaye ba ta zubar ba, ni kuma wai na yi mata wata rashin kunya da baki ba ya iya faɗa. Na ji kuna maimaita wannan a tsakaninku, yanzu har jikokina sun fara ɗauka. Idona ya fara raguwa, gwiwa ta daina jin magana, gara in gaya muku yadda aka yi tun ina da bakin faɗa. Duk maganar a kan tukunyar taliya ɗaya ce.

Babanku ɗan fari ne a wurin Inna. Ku 'yan yanzu, da kuke ɗaukar ɗan fari a waya kuna nuna wa duniya tun cibiyarsa ba ta faɗi ba, da wuya ku gane nauyin wannan kalma a zamaninmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamansa. Ana yaye babanku aka kai shi Utai wurin kakarsa, can ya girma, bai dawo Wudil da zama ba sai da mahaifinsa ya rasu, lokacin gemu ya fara tsiro masa. Kowace uwa tana wannan kunya, amma ta Inna ta wuce ta kowa. Sauran mata kan sassauta in ɗa ya yi aure, ita kuwa ƙara ɗaurewa ta yi. "Wancan" take ce masa. In tana da magana da shi, sai ta gaya wa bango, ko kaza, ko ni, shi yana tsaye a gefe yana ji. Na taɓa tambayarta cikin wasa ko kunyar ba ta tsufa ne, sai ta ce da ni, ba tare da ta ɗago daga kaɗin audugarta ba:

"Abin da ka nuna wa duniya kana so, shi take fara ɗauka."

Na ɗauka zancen tsofaffi ne kawai, na yi dariya na wuce.

Shekarar da nake ba ku labari, kuɗin mai ya shigo ƙasa kamar ruwan sama a rufin kwano. Wanda jiya yake kan jaki yau yana kan babur, rediyo rataye a kafaɗa, ya kusa manta sunan maƙwabcinsa. Samari suka jingine fartanya suka nufi birni, kowa ka taɓa sai ya ce shi ɗan kwangila ne. Babanku ma ya bar gonar Utai ya koyi tuƙi, har aka damƙa masa tankar mai yana zuwa Ikko, can kudu bakin teku. Sai ya yi makonni ba mu gan shi ba, in ya dawo kuma da warin fetur a rigarsa da tsaraba niƙi-niƙi. A wata dawowa, bayan damina ta ɗauke, ya shigo da kwali guda na taliyar kanti. Mu taliyar da muka sani ta murji ce, wadda ake shanyawa a kan kara a ci da mai da yaji. Wannan kuwa doguwa ce siririya, a miƙe sambal, tana ƙara in ka karya ta. Ya ɗauko ƙunshi biyu da hannunsa, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya ajiye, ya gaishe ta. Ta amsa wa ƙasa. Can ta dubi ƙunshin ta gefen ido ta ce da ni:

"Ladi, wannan tsinken tsintsiyar fa? A kai wa masu haƙoran zamani."

Na ga fuskar babanku ta faɗi. Da muka shiga ɗaki, ya zauna a bakin gado yana murza hularsa.

"Ladi, a tashar Ikko na ga wata tsohuwa ta zo taryen ɗanta, ƙato mai gemu, ya girme ni. Ta rungume shi a gaban jama'a tana kiran sunansa tana kuka, don kawai ya dawo lafiya daga tafiyar da ba ta kai rabin tawa ba. Na tsaya ina kallo baki buɗe kamar baƙauye."

"Malam, ai al'ada ce. Kowa da irin tasa."

"Na san al'ada. Amma ko zana ce takan bar ɗan tsagin da mutum zai leƙa. Ni tun da nake ban taɓa ganin tsagin ba. Na kama ɗaki a kudu. In na je na dawo wannan karon, ku shirya, da ku zan koma. Ƙanena ya ishi Inna. Wanda ba a kula da zuwansa ba, ba za a kula da tafiyarsa ba."

Na san babanku, in ya faɗi magana a hankali haka to ya gama yanke ta. Abin da na manta shi ne bangon da ke tsakanin ɗakinmu da na Inna bai kai rufi ba.

Washegari Juma'a, ranar kasuwar Wudil, garin ya cika da kukan shanu da ƙugin motoci. Babanku ya fita tun da hantsi wurin duba motarsa, don Asabar zai kama hanya. Ina shara na ga Inna ta fito ta ɗaure zani a ƙirji, ta aika gidan 'yan'uwanta. Ku sani Inna 'yar gidan mahauta ce, mahaifinta ya yi suna a tsire a bakin tasha, kuma ita ce ke daka masa yaji tun tana yarinya. Kafin azahar aka kawo mata cinyar rago da kitsenta. Ta tara toka a tsakar gida ta yi 'yar tukuba irin ta masu tsire, ta hura itacen kirya, ta jira har harshen wutar ya kwanta ya bar garwashi ja. Ta fere naman siriri, ta tsire shi a tsinke, ta barbaɗe shi da ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da masoro, ta yayyafa man gyaɗa, ta kafa tsinkayen suka kewaye wutar. Ta jefa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa a kan garwashin kai tsaye, sai da fatarsu ta yi baƙi ta kwashe ta zuba a turmi. Na miƙa hannu zan karɓi taɓarya, ta kawar da ni da gwiwar hannu. Sai da ta gama jajjagen ta soya shi da daddawa, sannan ta ɗauko ƙunshin taliyar nan da ta raina jiya, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, ta yi gyaran murya.

"Ke Ladi. Wannan abin naku, jiƙa shi ake yi ko turarawa?"

Na danne dariya na ce, "Inna, a tafasasshen ruwa ake sa shi. Ya fi tamu cin wuta."

"Komai na zamani sai ya cinye itace," in ji ta.

Ta kakkarya taliyar ta zuba, ta tsaya a kanta kamar mai jiran haihuwar saniya, tana ɗauko ɗaya tana latsawa da yatsa. Da ta kusa nuna ta tsiyaye ruwan, ta juye ta cikin miyar, ta zare naman daga tsinke ta yayyanka a ciki, ta rufe, ta janye itacen ta bar garwashi don ƙasan ya kama. Amma tun naman yana kan tukuba na lura da wasu tsinkaye masu kitse da ta matsa da su kusa da wuta har gefensu ya yi baƙi.

"Inna, waɗannan sun fara ƙonewa."

"Bar su. Akwai masu son haka."

Ta ci gaba da magana tana kallon wutar.

"Wata Babbar Sallah na je Utai gaisuwa. Ina bayan danga na ga wani yaro yana tsince masu ƙuna-ƙuna daga cikin naman layya yana ɓoyewa a aljihu. Duk Sallar da na je haka yake yi. Har duka ya sha a kan ɓata riga da maiƙo, bai daina ba."

Na sunkuyar da kai kamar hayaƙi ne ya shiga idona.

Bayan la'asar ta buɗe tukunyar, ƙamshin ya tsallake katanga, har maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambayar ko suna ake yi ba a gaya mata ba. Taliyar ta yi ja, kowane zare ya sha maiƙo da hayaƙi, naman ya yi laushi, ga ɗan ɗacin ƙuna da yake sa mutum ya ƙara loma. Ta zuba mana namu a tire, muka zauna a tabarma. Kai Nasiru kana jan taliyar da baki tana marin hancinka, ka ɓata fuska duk da jan miya. Ban taɓa cin abinci irinsa ba, kuma har yau ban ci ba. Inna ta cika babbar langa, ta tsince masu ƙuna-ƙunan nan ɗaya bayan ɗaya ta jera a sama, ta rufe da murfi. Ke Hadiza, ke aka ɗora wa langar ki kai zaure, inda babanku yake zaune da abokan tuƙinsa da maƙwabta da suka zo yi masa sallama. Kafin ki ɗauka Inna ta riƙe hannuna, ta matse har na ji zafi.

"Ke kika dafa, kin ji? In kika buɗe baki, ban yafe ba."

Ba ta ci ko loma ba. Ta ja kujerarta ta zauna daf da ƙofar da ke shiga zaure, ta ɗauki carbi, kunnenta yana can. Muna jin maza suna santi, wani yana cewa Ladi ta fi matan birni hannu. Ba a daɗe ba kika dawo da langa tas kamar an wanke, kika ɗaga murya irin ta yara:

"Baba ya ce ya ci a tasha, ya ƙoshi. Ya tura wa baƙi suka cinye."

Haka maigida yake yi, abincin da ya fito daga gidansa na baƙonsa ne, ba wanda zai ga laifinsa. Shi a ganinsa girkin matarsa ne, gobe ma yana nan, ga kuma zuciyarsa a cushe tun jiya. Na dubi Inna. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta miƙe a hankali ta je madafa, ta leƙa tukunyar, ba abin da ya rage sai ƙanzon da ya kama a ƙasa. Inna, wadda take cewa tukunyar da ta kwana da datti tsiya take kira, wadda ta sha tashe ni daga zaune in wanke ludayi ɗaya, ta ɗauki faifai ta rufe tukunyar, ta ɗora dutse a kai, ta shige ɗaki.

Na kwana ina auna abu biyu. Ga "ban yafe ba" daga bakin uwar miji, kalmar da ba a wasa da ita. Ga kuma mutum zai kama hanya da safe yana ganin uwarsa ba ta damu da shi ba, ya dawo ya kwashe mu, ya bar ta ta tsufa tana magana da bango. Gari ya waye, babanku ya dawo daga masallaci yana ɗaure jakarsa, na tsaya a bayansa na ce:

"Malam, taliyar jiya ba ni na dafa ba. Ko taɓarya ba a bar ni na taɓa ba."

Ya juyo. Na gaya masa komai, har labarin yaron Utai da aljihunsa. Ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya ajiye jakar, ya fita tsakar gida, ya sunkuya ya shiga madafa, inda ban taɓa ganin ƙafarsa ba. Ya ɗauke dutsen ya buɗe faifan, ya tsuguna da farar rigarsa a cikin toka, ya sa cokali yana kankarar ƙanzon nan mai sanyi yana ci. Da ƙarfi yake kankara, duk gidan ana ji. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta juya masa baya. Ya cinye tas, ya lashe cokalin, ya goge ido da hannun riga, ya ce da tukunyar:

"Wanda ya dafa wannan, Allah ya saka masa da gidan Aljanna."

Na ga kafaɗar Inna ta motsa. Ta watsa wa kajinta gero, ta ce da su:

"A gaya wa wancan ya rage gudu a hanya."

A zaure, da na raka shi, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya ce in manta da zancen kudu, zai saki ɗakin. In ya dawo kwano zai sa wa ɗakin Inna kafin damina. Da na koma ciki Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Kin nuna shi," ta ɗauki tukunyar ta tafi wankewa.

Bai dawo ba. Wata bai ƙare ba abokan tuƙinsa suka yi sallama a zaure da huluna a hannu. A wata siririyar gada a hanyar kudu, wata mota ta shigo masa, tankar ta kama wuta. A can aka binne shi. Ni na yi kuka har muryata ta dushe. Inna ta zauna a tabarmar makoki, ana yi mata gaisuwa tana cewa "sai haƙuri", idonta a bushe, don uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane ko da ranar mutuwarsa. Matan da suka san wannan sarai su ne suka fita suna cewa zuciyarta dutse ce. Da aka watse, ta mirgino duwatsu uku zuwa ɗaya gefen tsakar gida ta kafa murhunta. Sau ɗaya ta yi mini bayani, ba ta ƙara ba.

"Na ɓoye shi tun yana tsumma, ba abin da ya same shi. Kika nuna shi safiya ɗaya."

Wannan magana ta fi mutuwar ƙona ni. Na san ajali ne, ba a ƙara masa ba a rage masa, ita ma ta sani, tana salla tana azumi. Amma na gane tana bukatar inda za ta sauke kayan, kuma ni ce kusa. Da na fita takaba danginmu suka zo tafiya da ni, na ƙi. Wa zai ɗebo mata ruwa? Wa kuma ya san abin da na sani? Ni kaɗai nake ganinta da sassafe tsaye a bakin zaure in tankoki suna haye gadar Wudil, ta saurara har ƙugin ya ɓace, ta dawo ta ce wai iska ta fita sha. Na yi mata wanki, na yi mata kitso, ta goye ku a bayanta, amma in na aika mata da abinci sai ya dawo yadda ya tafi. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, shekara da shekaru yana ciwo. Amma ban taɓa yin da-na-sani ba. Babanku ya fita daga gidan nan yana dariya, ya san yana da uwa. Shi ya sa, Hadiza, ko da ke ce 'yar farina, tun daga ranar nake kiranki da sunanki gatsau, mata suna ta salati.

Sai a ciwonta na ƙarshe, kin yi aure, Nasiru yana makaranta a Kano, ta kira ni wani yammaci. Ta rame, haƙora sun zube, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta.

"Ladi, har yanzu ana sayar da tsinken tsintsiyar nan?"

Na tara toka, na hura kirya, na yi duk yadda na ga ta yi. Na kawo mata tukunyar har bakin gado. Na sa mata a baki, ta mamula, ta haɗiye. Loma ta farko ke nan daga girkina tun ranar da aka watse daga makoki.

"Yajinki bai kai ba," in ji ta.

"Ai ba 'yar gidan mahauta ba ce ni, Inna."

Ta yi ɗan murmushi, ta lumshe ido.

"Ranar nan, da sanyi ya ci ta."

"Da sanyi, Inna, amma bai bar ko zare ba."

"Na ji cokalin. Har yau ina jinsa." Ta laluba ta kama hannuna, wannan karon a hankali. "Da kin bi maganata, da ya tafi bai ɗanɗana ba. Na yafe. Ke ma ki yafe mini."

Na ce na yafe. Ni ma ban taɓa faɗin sunan babanku ba, kun sani, mace ba ta kiran sunan miji, kuma duk tsawon rubutun nan na kewaye shi. Yanzu ma daga bakinta zan rubuta. Ta nuna tukunyar da haɓa ta ce:

"Kankaro mini ƙasan. Haruna ma nan yake so."

Hawaye suka gangaro mata har cikin kunne. Na juya fuskata ga bango don kada ta ji kunya, na sa cokali na ci gaba da kankara.